Ɗan Rakiyar Dakta

Magariba ta kawo jiki, ana kunna fitilun otal ɗin ɗaya bayan ɗaya, lokacin da mai tsaron ƙofar ɗakin cin abinci ya miƙa hannu ya tare Manaja. Bai ɗaga murya ba, bai yi rashin kunya ba. Ƙirjinsa kawai ya duba, wurin da kowane ɗan taro ya rataya kati mai shuɗiyar igiya, bai ga komai ba sai maɓallan riga da tumbi.

"Yallaɓai, a yi haƙuri, abincin nan na masu kati ne."

"Ka san da wa kake magana kuwa?"

Mai tsaron ƙofa bai sani ba, kuma ba alamar ya ƙagu ya sani.

Manaja dai ya taɓa riƙe wani gidan mai a unguwarsu. Gidan man ya daɗe da rufewa, awaki ke kwana a gindin famfunan, amma sunan ya liƙe masa, shi ma ya liƙe wa sunan. Aikinsa yanzu zaman majalisa a ƙofar shagon Tela, yana warware wa duniya matsalolinta, in rana ta yi sanyi ya koma gida ya tambayi abin da aka dafa. Matarsa likitar haƙori ce, Dakta kowa ke ce mata, ita ke riƙe da gidan tun daga makarantar 'yarsu Auta har man da ke cikin motar da yake yawo da ita. Ba abin da ya tsana a duniya kamar a nuna shi a ce ga mijin Dakta can.

Shekara da shekaru Dakta tana shiga ƙauyuka aikin duba haƙora, a motar asibiti mai tari da hayaƙi, tana kwana a ajin makaranta sauro na biki a kanta, Manaja bai taɓa tuna cewa mace ba ta tafiya ba muharrami ba. Sai da aka gayyace ta babban taron likitocin haƙori a wani birni mai nisa, ya ji an ce jirgi za a hau, otal ɗin kuma har da wurin ninƙaya, sannan tsoron Allah ya sauko masa gaba ɗaya.

"Taro ne fa, Manaja, ba biki ba," in ji Dakta. "Daga safe har yamma ina ciki. Abincin da suka tanada ma na mahalarta ne, kai sai dai ka ci a waje."

"Ni ciki ne zai kai ni? Amana zan je in sauke."

Dakta ta ƙyale shi. Ta kira mahaifiyarta, Inna, ta zo ta zauna da Auta, suka tafi.

Amanar kuwa ya sauke ta. Da safe Dakta ta rataya katinta ta fita, shi ya rage a ɗaki da talabijin. Ya hau lifta, akwatin nan mai 'yar ƙararrawa da ke kai mutane saman bene, ya sauka, ya sake hawa. Ya kwashe 'yan ƙananan sabulan banɗaki ya cusa a jaka, masu shara suka zuba wasu, ya sake kwashewa. Ya je bakin wurin ninƙaya ya tsaya ya yi tsaki, don bai iya ruwa ba. In ya zauna a falon ƙasa wani likita ya gaishe shi ya ce, "Daga wane asibiti?" sai ya kara waya a kunne kamar an kira shi. A ransa yana cewa mutanen banza, a ce manya da gemu su taso daga garuruwansu su zauna wuni guda suna maganar haƙori.

Yanzu ga shi a tsaye a bakin ƙofa, ƙamshin soyayyar kaza na dukan hancinsa. Ta kan kafaɗar mai gadin ya hango Dakta can ciki a tsakiyar manyan likitoci, tana magana suna gyaɗa kai. A tsallaken titi akwai wata 'yar rumfar abinci inda direbobin likitocin ke ci, nan ta ce ya riƙa zuwa. Shi Manaja, a benci ɗaya da direbobi! Ya kaɗa rigarsa ya bi ta bayan ginin.

A bayan ɗakin cin abincin akwai wani ɗan lambu da ba kowa ke shiga ba. Tsakiyarsa tsohuwar rijiya ce wadda ta girmi otal ɗin, an rufe bakinta da siminti, an zagaye ta da fararen tsakuwoyi. Ko tsuntsu ba ya kuka a wurin. Hayaniyar birnin gaba ɗaya kamar a bakin katangar take tsayawa. Wata ƙofar gilashi na fuskantar rijiyar, an bar ta a ɗan buɗe, Manaja ya tura ya shiga kamar gidan ubansa.

Sai ga shi a bayan wani ƙaton ginshiƙi, inda idon 'yan taro ba ya kaiwa. Ɗan tebur ne a wurin da farin ƙyalle, kujera ɗaya tak, an juya ta tana kallon rijiya, ta ba jama'a baya. A kan teburin faranti ne rufe da murfin azurfa, da kofin ruwa, da ɗan katin da ake sawa in an kama wuri. Sauran teburan duk an ja su nesa. Mai hankali da ya tsaya ya tambayi kansa wane irin babban baƙo ne ake zaunar da shi yana kallon bango da rijiya. Manaja bai tsaya ba. Ya zauna, ya ji kujerar da ɗumi kamar yanzu wani ya tashi, ya ɗage murfin. Shinkafa ce fara da rabin kaza. Ko bisimilla bai yi ba ya kai loma.

Ya tauna, ya yamutsa fuska, ya tafa hannu. Wani dattijo mai raba abinci ya leƙo ta bayan ginshiƙin, yana ganinsa ya zaro ido.

"Kai, kawo gishiri! Otal kamar wannan a dafa abinci lami?"

"Ranka ya daɗe," dattijon ya ce da murya ƙasa ƙasa, "wurin nan da mai shi. Haka ake dafa masa, ba ya cin gishiri."

"Ina mai shin?"

Dattijon ya kalli ƙofar gilashin, ya kalli kujerar, ya sunkuyar da kai. "Da magariba yake zuwa. Tun kafin a yi ginin nan yake wurin. Don Allah ka taso, ni zan nemo maka abinci a kicin."

"A kicin? Ni? In ya zo ka ce masa Manaja ya riga shi. Kawo gishiri na ce!"

Dattijon ya kawo, ya ajiye daga nesa, ya ja da baya. Manaja ya barbaɗa, ya cinye tas, ya tsotse ƙashi. Sannan ya ɗaga waya ya ɗauki kansa hoto da farin ƙyallen da murfin azurfar, ya tura wa 'yan majalisa, ya ce ga teburin da aka ware masa shi kaɗai a matsayin babban baƙo, likitocin ma can baya aka tara su.

Kwaɗayi mabuɗin wahala, amma Manaja gani yake ya tsinci dami a kala. Kowace magariba har aka tashi taron, ta lambun yake bi. Kullum kujerar da ɗumi, kullum abincin lami, kullum sai ya tafa hannu a kawo gishiri. In Dakta ta dawo ɗaki a gajiye ta ce, "Ka ci abinci?" sai ya ce ta daina damuwa da shi, namiji ba ya rasa yadda zai yi.

Yammacin ƙarshe, da ya ƙoshi ya yi gyatsa, sai karamci ya motsa masa, irin karamcin baki da ba ya cin ko sisi. Ya miƙe ya dafa kafaɗar dattijon.

"Har yau mutumin naka bai zo mun gaisa ba. To ka gaya masa babban baƙo ya gode. In ya shigo garinmu ya neme ni in rama masa. Gidana gidansa ne, ƙofata a buɗe take."

"Kada ka faɗi haka a nan, ranka ya daɗe."

"Na faɗa. Ya zo, wurin zama ba ya ƙarewa."

A waje, cikin lambun da ba iska, wata farar tsakuwa ta gangaro daga bakin rijiyar ta tsaya a jikin gilashin.

Sun dawo gida lafiya. Manaja ya raba wa 'yan majalisa sabulan otal, ya ba su labarin yadda shugaban taron da kansa ya roƙe shi ya yi jawabi ya ƙi. Tela da Mai Kemis, manyan majalisar, suka yi ta jinjina masa, ya sha shayinsu kyauta har na kwanaki.

Wata yamma, an idar da sallar magariba, gidan ya yi shiru irin shirun da ke sauka kafin a kunna fitila. Inna na kan dardumarta tana jan carbi, Dakta na kicin, Auta na jera faranti a tebur. Yarinya ce 'yar sakandare, mai surutu da dariya, wadda ko aike aka yi mata da waƙa take tafiya. Sai aka ji ƙwas a kan rufin kwano. Aka ɗan jima, aka sake ji. Sannan suka zubo kamar ƙanƙara.

Manaja ya fita da bulala yana zagin 'ya'yan maƙwabta da iyayen da suka haife su. Layin babu kowa. Ya dawo tsakar gida ya haska ƙasa da fitilar waya, ya ga tsakuwoyi farare, sumul, irin waɗanda babu su a ƙasar unguwar. Ya san inda ya taɓa ganin irinsu. Ya tattara su da sauri ya watsa bayan katanga, ya shiga ya ce yara ne, ya kore su.

An ce ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. A gidan nan uban ne ya jawo, kuma ya ja bakinsa ya yi gum.

Washegari da magariba jifan ya dawo. Bayan jifan sai wani sanyi ya cika falon, irin sanyin otal, alhali an ɗauke wuta ko fanka ba ta juyawa. Inna ta ce ta ji ƙarar 'yar ƙararrawa a lungun ɗakuna, da wani abu kamar ƙofa na zugewa tana rufewa, a gidan da ko bene babu. Dakta ta ji ƙarar cokula a kan faranti, ta leƙo ba ta ga kowa ba.

A yamma ta gaba ne suka fito suka tarar da Auta a kujerar Manaja, babbar kujerar nan ta kan tebur da ba mai zama sai shi. Ta juya ta, ta ba ɗakin baya, tana kallon bango. Farantin ubanta na kan cinyarta.

"Ke Auta, wane irin rashin kunya ne wannan? Tashi!" in ji Manaja.

Ba ta juyo ba. Ta ɗaga hannuwa a hankali ta tafa. Muryar da ta fito daga bakinta ba tata ba ce, wata tsohuwar murya ce mai kauri da amo, kamar daga ƙasan rami.

"Kai, kawo gishiri."

Inna ta saki carbi ta ɗauki salati. Dakta ta ruga ta rungume 'yarta, ta ji jikin da sanyi kamar randa. Manaja kuwa ya ja da baya ya jingina da ƙofa.

Daga ranar gidan ya zama abin tausayi. Da rana Auta tana nan lafiya, sai dai kasala da yawan barci, ba ta tuna komai. Rana na faɗuwa tsakuwa ta fara sauka, ita kuma ta miƙe kamar an ja ta da igiya, ta juya kujerar, ta cinye abincin uban tas, ta tsotse ƙashi. Tana ci tana ramewa. Wuyanta ya zama siriri, idanunta suka faɗa, waƙar ta ɗauke daga gidan. Dakta ta kai ta wurin abokan aikinta, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kai, ba a ga komai ba. Ta daina zuwa asibiti, ta zauna tana kallon 'yarta tana tsiyayewa a gabanta, tsoro na cin ta.

Shi kuwa gogan, ya san komai, amma ya gwammace a yi ta lalube a duhu. Ya ce maƙiya ne. Ya ce hassadar maƙwabta ce, don sun ga ya hau jirgi. Ran da abin ya ishe shi ma Dakta ya juya wa, ya ce duk yawon taronta ne ya jawo, mace ta ƙi zama a ɗakinta dole ta kwaso wa mutane iska. Inna ta dube shi sama da ƙasa, ta tofar da yawu a gefe, ta yafa mayafi ta fita. La'asar sakaliya ta dawo da Malam.

Malam dattijo ne siriri mai ƙaramar murya, ya yi suna wajen karatu a kan masu iska. Bai zo da kayan tsibbu ba, butarsa ce kawai da carbi. Ya ce a bar shi ya ga abin a lokacinsa. Kafin magariba labari ya zaga layin, maƙwabta suka cika tsakar gida, Tela da Mai Kemis da sauran 'yan majalisa suka shigo har falo, wai sun zo taya babban baƙo jaje.

Rana ta faɗi. Tsakuwa ta fara sauka, ɗaya, ɗaya, a hankali. Sanyin ya shigo. Auta ta fito daga ɗaki idanunta a buɗe ba ta ganin kowa, ta juya kujerar ta zauna. Malam ya matsa kusa, ya tanƙwashe ƙafa a ƙasa, ya fara karanta ayoyin tsari, murya ba hawa ba sauka. Ya daɗe yana yi. Yarinyar ta fara karkarwa, ƙafafun kujerar na bugun siminti, sannan kanta ya juyo a hankali.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni a banza, ni ba ɓarawo ba ne."

"Wane ne kai, me ya kawo ka jikin baiwar Allah?"

"Ni ne mai rijiya. Ina zaune a wurina tun birnin can yana daji. Suka zo suka yi gini a kaina, suka rufe mini baki da siminti, na yi haƙuri. Suka ce za su riƙa ajiye mini faranti da magariba, na ce to."

"Wannan ɓata ce, tsakaninsu da Allah. Yarinyar nan me ta yi maka? Ka shigo gidan mutane ba sallama, ka san zalunci ne."

Muryar ta yi dariya, dariyar raini, har sai da matan tsakar gida suka ja baya.

"Ba sallama? Gayyata ta aka yi. Tambayi mai tumbin can da ke laɓe a bayan Tela. Ya ce gidansa gidana ne, ƙofarsa a buɗe take, wurin zama ba ya ƙarewa. Na zo, na zauna a kujerarsa kamar yadda ya zauna a tawa. A cinyata ma ya zauna, Malam, kullum, da nauyinsa. Ya ci abincina ba bisimilla, ya kuma ce ba gishiri. Na ga mutane iri iri a wurin nan, na ga ɓarayi, na ga mashaya, ban taɓa ganin gayyar soɗi mai tafa hannu ba sai shi."

Dakta ta ɗago ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi silin.

Malam ya gyara zama. Wanda ya shigo da ƙarfi ana fitar da shi da ƙarfi, amma wanda maigida ya buɗe wa ƙofa da bakinsa sai an bi ta lalama, in ba haka ba yarinyar ce za ta sha wuya.

"To, ka ci ka rama. Me kake so ka tafi?"

"Ku bar mini yarinyar, ta fi ubanta hankali."

"Ba za ka same ta ba."

"To a riƙa ajiye mini faranti a gidan nan kowace magariba."

"Ko ƙwayar shinkafa ba za a ajiye maka ba. Gidan nan Allah ake bauta wa. In ka ƙi, in ci gaba da karatu, mu kwana a nan ni da kai."

Yarinyar ta yi wani gurnani, ta karkata kai kamar mai tunani.

"Ni ma ba daɗin gidan nake ji ba. Abu ɗaya ya rage. Babban baƙo ne ya gayyace ni, haka ya kira kansa, ni kuma ba na raina gayyatar manya. In babu babban baƙo, babu gayyata. Ya fito nan tsakiya, a gaban mutanen da ya tura wa hoto, ya faɗi da bakinsa wa ya gayyace shi taron, da matsayin da ya je da shi. Yana faɗa ina tafiya. In ya ƙi, ina nan, ita kuma ga ta nan kuna gani."

Hannun Auta ya tashi da kansa ya kama maƙogwaronta. Numfashinta ya fara fita da ƙyar.

Duk ido ya koma kan Manaja. Abin da aka nema gare shi bai kai a ce ya yanka ɗan zakara ba, magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Kowane uba da bai bari an rufe baki ba. Manaja ya dubi Tela. Ya dubi Mai Kemis. Ya tuna shayin, da jinjinar, da jawabin da shugaban taro ya roƙe shi. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ce ai maganar tana da tsawo, kuma aljani ba abin gaskatawa ba ne. Idanun 'yarsa na juyewa, leɓunanta na yin baƙi, shi yana tsaye yana auna girmansa da ranta, kuma kowa a falon ya ga yana aunawa.

"Manaja," in ji Dakta. Ba ta yi ihu ba. Tana durƙushe riƙe da ƙafafun 'yarta. "Manaja, 'yarka ce."

Bai motsa ba sai da Inna ta taso ta damƙi hannun rigarsa ta fizgo shi tsakiyar falon, tsohuwar da ko buta ba ta ɗagawa sai da nishi.

"Faɗi, ko in faɗa maka da mari!"

"Ba wanda ya gayyace ni," ya ce, kamar mai magana da cikinsa.

"Ban ji ba," in ji muryar. "Da kake neman gishiri ba haka muryarka take ba."

"Ba wanda ya gayyace ni! Rakiya na yi. Matata aka gayyata, ni na liƙe mata. An hana ni shiga, na bi ta baya na ci abincin da ba nawa ba. Ni ɗan rakiya ne, mijin Dakta."

Wani ya yi tsaki a tsakar gida. Tela ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa.

Hannun yarinyar ya saki wuyanta. Muryar ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Ashe ɗan rakiya na biyo har nan. Kaico, na zubar da girmana. Malam, buɗe mini hanya. Ki yafe ni, likita, ke ba ki ci mini komai ba. Abin da na bar miki a gidan ma ya ishe ki."

Malam ya ɗaure shi da alkawari cewa ba zai dawo ba, ba zai aiko ba, ya tofa a ruwa ya shafa wa yarinyar a fuska, ya kama ɗan yatsan ƙafarta na hagu ya ci gaba da karatu. Ƙafar ta miƙe, ta yi rawa, Auta ta yi atishawa mai ƙarfi ta sulale jikin uwarta. A lungun ɗakuna aka ji 'yar ƙararrawar nan sau ɗaya, da zugewar ƙofa. Zafin gari ya dawo falon, aka ji kukan gyare a waje.

Auta ta buɗe ido ta ga mutane cike da ɗaki. "Mama, me ya faru? Ƙishirwa nake ji." Da muryarta ta faɗa, Dakta ta fashe da kukan da ta daɗe tana riƙewa.

Yarinya ta warke, ta mayar da jikinta, waƙa ta dawo gidan. A majalisa ba a sake cewa Manaja ba, Ɗan Rakiya ake kiransa, yara ma in ya wuce sai su tafa hannu su ce a kawo gishiri. Wannan duk bai dame shi kamar shirun Dakta ba. Ba ta taɓa tayar da maganar farantin ba, ko ƙaryar hoton, ko sharrin da ya yi mata. Mutum na iya jin yunwa, mutum na iya yin ƙarya, duk ta yafe. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne tsayuwar nan da ya yi yana gyara hula.

Da shekara ta zagayo aka sake gayyatar ta taro, har da jawabi za ta yi. Ta haɗa jaka biyu, tata da ta Auta. Manaja ya yi ta kewaye kewaye a falo yana jiran a ce masa wani abu, ba a ce ba. Da motar filin jirgi ta tsaya a waje, ya yi wuf ya ɗauki jakunkunan, ya kai su har but ɗin motar, ya tsaya riƙe da murfin ƙofar baya yana murmushi. Auta ta shiga. Dakta ta zagayo, ta cire hannunsa daga jikin ƙofar a hankali, kamar mai cire ƙaya daga zane.

"An gode," ta ce. "Rakiyar ta isa haka, koma gida."